Muƙamuƙin Ramin Mabera

Shekarun da ake ta maganar mulkin kai, ina haƙar ƙasar tubali a Mabera na tono wani muƙamuƙi mai nauyin dutse, turamen haƙoransa manya kamar na jaki. Malam Audi na makarantar Midil ya ce Turawa sun tono irinsa a kudancin Afirka, suna ta gardama ko biri ne ko kakan mutane. Na ajiye shi a zaure. Tun daga ranar nan ɗiyata Rahmatu take kwana kuka.

Wata rana bayan isha'i wani gajeren tsoho ya tsuguna a ƙofar gidana ba sallama, yana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa, bakinsa naɗe da tsumma.

"Jikana," in ji shi, maganar na fita da ƙyar, "riƙon yarinyar na zo ɗauka. Ba a hana kaka."

Na tare ƙofa. "Baba, wa ya haife ka? Ni Lawali ne ɗan Gambo ɗan Mamman, har zuwa Annabi Adamu. Ba ka ciki. Wanda bai zo suna ba, ba shi ɗaukar riƙo."

"Can ƙasa nike, inda lissafinka ya ƙare."

"To zauna can! Ga abinka, ɗiyata ba ta zuwa ko'ina."

Na cilla masa muƙamuƙin. Da ƙafa ya cafe, babban yatsan ya damƙe kamar na hannu. Cikin gida kukan Rahmatu ya lafa. Sai tsohon ya kwance tsumman. Ƙasan leɓensa na sama babu komai. Ya kai muƙamuƙin wurin, ƙashin ya zauna daram.