Karkarwar Birki

Bayan isha'i na taso daga Kafin Maiyaƙi a kan sabon babur ɗina, irin mai birkin nan da ba ya kulle taya. Washegari nake shirin kai shi wurin Muhuyi bakanike ya cire mini wayar birkin, don in ka matse da ƙarfi sai hannun birkin ya dinga karkarwa. Duk 'yan acaɓan tasharmu cirewa suke yi, wai matsala ce.

A hanyar Tiga wani mutum ya tsayar da ni. Ya hau ba sallama, babur ɗin kuma ko nutsawa bai yi ba. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa yake yi, alhali rabonmu da ruwa tun kaka.

Ba mu yi nisa ba shanu suka ratso titi. Na damƙe birki, ya fara karkarwar nan, na tsorata zan saki. Sai wani hannu mai sanyi ya danne nawa.

"Kada ka saki, Mahmudu. Aikinsa yake yi."

Muka tsaya cak, ƙahon bijimi yana gogar fitila.

"Wayar nawa birkin Muhuyi ne ya cire," ya faɗa a kunnena, ban ji hucin numfashi ba. "Da na faɗi, kuka ce kwana ne ya ƙare. Har da shi aka ɗauki makarata."

Na duba madubi, ba kowa. Amma hannun yana nan a kan nawa, da guntun yatsan da injin ban ruwa ya datse wa yayana Shitu, wanda muka binne bara.