Ciwon Da Aka Ɗora Wa Mama

Wani saurayi ya dawo gida bayan ya daɗe a wasu garuruwa. Ya tarar an sare bishiyar ƙofar gida. Ɗakinsa ya koma ɗakin ɗinkin Mama. Baba ya fara sa tabarau. A bakin layi kuma an buɗe shagon buga takardu.

Ko gajiyar hanya bai gama saukewa ba, ƙafa ta fara yi masa ƙaiƙayi. Ba banza ba Mama take kiransa Sarkin Yawo. Ya ce zai nemi gurbin digiri na biyu a wata jami'a a wani gari.

Sai dai jami'ar ta ce duk wanda aka taɓa yi wa gargaɗin kora ya rubuta dalili. Shi kuwa an yi masa, yana aji biyu. Ƙwallo ce ta ɗauke masa hankali. Duk garin da ƙungiyarsu za ta buga wasa, yana cikin mota. Jarrabawa ta zo, ya sha ƙasa.

Ya ji tsoron kada a hana shi gurbin. Sai ya rubuta cewa a shekarar mahaifiyarsa ce ta kwanta asibiti, shi ya yi ta jinyarta. Ya kai wa mai shago ya buga masa.

Tausayi ya kama mai shago, ya ba matarsa labari. Ita ma ta ba maƙwabciya. Kafin zancen ya kai ƙarshen layi, an manta cewa tsohon labari ne.

Washegari Mama tana shanya, sai ga mata sun shigo da lemu da ayaba. Wata ta ƙwace bokitin hannunta. Wata ta jawo kujera, ta ce ta zauna kada jiri ya ɗebe ta. Mama ta rantse lafiyarta ƙalau. Suka ce ai ɗanta ne ya rubuta da hannunsa.

Da suka tafi, ta kira shi.

"Sarkin Yawo, ashe na kwanta asibiti? Wane gado aka ba ni?"

Ya sunkuyar da kai, ya faɗi yadda aka yi. Baba ya yi dariya har sai da ya cire tabarau. Sannan ya tambaye shi abin da ya yi bayan gargaɗin.

"Na rage ƙwallo, Baba. Na koma zaman gaba a aji. Ban sake faɗuwa ba har na gama."

"To wannan ne abin nunawa, kai kuma ka ɓoye shi."

Mama ta ce sai ya bi gida-gida ya gyara zancen tukuna. Ya sha tsiya. Wata tsohuwa har ta ce masa, "Sannu da jinya, likita."

Ya dawo ya sake rubutu. Ya faɗi kuskurensa a taƙaice, bai ɗora wa kowa ba. Ya nuna yadda ya gyara. Sannan ya aika.

Ba a daɗe ba amsa ta zo. An ɗauke shi.

Yana cusa kaya a jaka, Mama ta tsaya a bakin ƙofa.

"Ka gani ko? Kuskure ba ya rufe wa mutum ƙofa. Faɗi gaskiya, ka nuna gyaran da ka yi."

"Na ji, Mama."

Ya danne jakar da gwiwa, ya ja zif.