Ɗan Maigadin Cikin Na'ura

Kafin takardar ƙorafi ta iso caji ofis, zancen ya riga ta zuwa, har ya samu kujera ya zauna. Wai Injiniyar makarantar koyon aikin jinya, wadda ke gida tana jego, ta kashe saba daga kan gadonta, wato babbar na'urar da ke riƙe da makin jarrabawar ɗalibai. Wai da ta kashe ta sai ta aiko mijinta da makulli ya ɗauke ta, don ta ji an ɗauki ɗan kwangila a madadinta, tana so makaranta ta durƙusa mata.

"Ai kowa ya sani, ranki ya daɗe," in ji Kofur yana tayar da mota.

"Kowa ɗin nan a ina yake zaune?" in ji Sufeto. "Kawo min shi in yi masa tambaya biyu."

Abokan aikinta Sai-na-gani suke ce mata a bayan ido, ita ma ta sani, ba ta kuma taɓa jin haushin sunan ba. Ta daɗe da lura cewa zancen da gari ya rantse a kansa da la'asar, galibi babu wanda ya gan shi da hantsi.

Shugabar makaranta ta tare su a bakin ƙofa, ɗankwali a karkace.

"Sufeto, ku kamo ta yau. Gobe hukumar makaranta za ta zauna a kore ta, ni ma in samu bakin magana."

"Da jaririn zan sa ta a bayan kanta, ko a gida za ta bar shi?"

Shugaba ta gyara ɗankwalinta.

"Nuna min wurin tukuna."

Ɗakin na'urori sanyi ƙarara, ga rurin fankoki kamar ana casa. A tsakiya akwai doguwar kabad ta ƙarfe, na'urori a jere cikinta kamar durowa, sai wuri ɗaya da ya zama giɓi. Sufeto ta duba kwadon ƙofa, lafiyarsa lau.

"Makullai nawa ne?"

"Uku. Na Injiniya, na Magatakarda, da na ɗan kwangila."

Sufeto ta leƙa bayan kabad. Ɓarawon bai bar wayar wuta ba, bai bar wayar sadarwa ba, duka ya kwance su a tsanake ya tafi da su.

"Kofur, ɗan ɗaga 'yar'uwarta mu gani."

Kofur ya ciccije, ya yi nishi, ya saki. "Wannan ai buhun siminti ce, ranki ya daɗe."

Maigadi ya rantse babu mota ko amalanke da ta fita a ƙarshen mako, lokacin da na'urar ta ɓata, ƙaramar ƙofa kawai ya buɗe wa masu shiga da ƙafa. Kofur ya raɗa wa Sufeto cewa duk maigadi haka yake faɗi in ya sha barcinsa.

Magatakarda dattijo ne mai tsabta, mai magana a hankali. Ofishinsa da sanyin esi, ga hoton wata budurwa cikin fararen kayan ɗalibai a bango. Ya zaunar da su, ya zuba musu shayi a kan wani dogon teburi marar tsayi da aka lulluɓe da zanen teburi har ƙasa.

"'Yarka ce?" in ji Sufeto.

"Autata ce. Ajin ƙarshe take." Ya girgiza kai. "Ita ma makinta na cikin na'urar. Wallahi Injiniya yarinya ce mai hankali, amma zuciya ba ta da ƙashi. Ta ji an kawo wani, shi ke nan."

"Ka shigo a ƙarshen mako, Alhaji?"

"Me zan zo yi? Ina gida da jikoki."

"Wa ya fara gaya maka ita ta kashe na'urar?"

"Ai kowa na faɗi."

"Shi ɗin dai," in ji Sufeto, ta kalli Kofur.

Da ya tashi zai raka su, zai kuma wuce cin abinci, sai ya ɗauki rimot ya kashe esi. "Ba na barinta a kunne in ba na ciki. Tarbiyya ce."

Ɗan kwangilar kuwa, da suka samu a ɗakin na'urori, Gyara-duka ake ce masa, da jakar kayan aiki a kafaɗa da baki kamar rediyo.

"Abu mai sauƙi ne, Hajiya. Layi ɗaya za ka rubuta a baƙin allo, daga ko'ina kake, na'ura ta mutu. Ni kullum ina yi."

"Madalla. Ga kwamfuta, ga sauran na'urorin. Tambayi ɗaya daga cikinsu lafiyarta in gani."

Gyara-duka ya zauna. Baƙin allo ya buɗe, ɗan farin ɗigo na ƙyafta masa ido. Ya miƙe yatsu, ya lanƙwasa su, ya share goshi, a ɗakin da Kofur ke rawar ɗari.

"Gaskiya, Hajiya, ni firinta nake gyarawa, da allon da ya fashe. Wannan baƙin abin ban taɓa shigarsa ba. Don Allah kar Shugaba ta ji."

"To me ka sani?"

"Na san in an kashe na'ura ta zama gawa. Ba ta ji, ba ta gani, ba mai ganinta daga nesa."

"Wa ya gaya maka?"

"Haka kowa ya sani."

"Kai kuma wa ka gaya wa?"

Ya sunkuyar da kai. "Duk wanda ya tambaye ni. Manya ne, Hajiya, ni cin abinci na zo yi."

Gidan Injiniya ɗaki biyu ne a saman bene, igiya cike da ƙananan kaya an shanya. Wata tsohuwa ta tare ƙofa da tsintsiya a hannu.

"In kama ta kuka zo yi, ku fara da ni. Ni na haife ta."

"Sannu da gida, Inna. Barka muka zo yi, da 'yar tambaya."

"Barka da ɗan sanda mai ankwa a ƙugu? Shigo ke kaɗai, wannan ƙaton ya tsaya nan."

Injiniya na zaune a bakin gado, jariri a kafaɗa, idanu sun kumbura. Mijinta, ta ce, yana tafiyar aiki tun kafin abin ya faru, makullinta kuma ga shi can rataye a ƙusa.

"Yaushe rabonki da taɓa na'urorin makaranta?"

"Tun da na haihu ban taɓa ba."

"Kai, 'yar nan, ji tsoron Allah!" in ji Inna daga ƙofa. "Kullum yaro a hannu ɗaya, wannan baƙin allon a ɗayan. Na ce mata za ta shayar da shi haruffa."

Injiniya ta rufe fuska. "Sun ce in ina hutu kar in shiga. Amma na san wanda suka kawo bai iya ba. Dubawa kawai nake yi, ko zafi ya yi musu yawa, ko fanka ta tsaya. Ranar Asabar na kira saba ta ƙi amsawa. Kafin in san abin yi na ji ana cewa ni ce. Tun daga nan ban ƙara buɗe laftof ba."

"Za ki iya kashe ta daga nan?"

"Zan iya kashe ta, zan iya tayar da ita. Ɗaukarta ne ba zan iya ba."

"An ce in an kashe ta ta zama gawa."

Karon farko Injiniya ta yi ɗan murmushi. "Ba haka ba ne, ranki ya daɗe. A cikinta akwai wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa daban, ni ɗan maigadi nake ce masa. Ko an kashe babbar, shi ba ya barci, muddin wayar wuta na jone. Shi nake rubuta wa umarni, shi ke gaya min zafinta da gudun fankokinta, shi ke danna mata makunni in na ce. Amma ta layin makaranta kaɗai nake samunsa. Tunda an fitar da ita, shi ke nan."

Sufeto ta tuna wayoyin nan biyu da aka kwance a tsanake, ta tuna nishin Kofur, ta tuna maigadin da ba wanda ya yarda da shi.

"Wa ya ce an fitar da ita?"

"Kowa ya ce."

"Wannan kowa ya wahalar da ni yau. Miƙo min yaron. Ke kuma tambayi ɗan maigadinki."

Sufeto ta karɓi jariri, Inna na zare mata ido. Injiniya ta buɗe laftof, ta rubuta ɗan gajeren layi ta danna. Ɗigon ya ƙyafta, ya ƙyafta. Sai fararen haruffa suka zubo.

"Ya amsa! Inna, ya amsa!"

"Me ya ce?"

"Ya ce a kashe take, amma tana jone da wuta. Kuma tunda na same shi, a cikin makaranta take, an sa wayarta a bangon wani ofis." Ta sake rubuta wani layi. "Iskar da ke kewaye da ita da ɗumi, ba ɗakin sanyi ba ne. Tsaya. Ga zafin yana sauka."

"Sake tambaya."

"Ya ƙara sauka. Kamar yanzu aka kunna esi a inda take."

Sufeto ta dubi hasken rana a taga. Lokacin dawowa daga cin abinci ne.

"Ofis nawa ne ke da esi a makarantar?"

"Na Shugaba, na Magatakarda, da na ma'aji."

Sufeto ta sumbaci goshin yaron ta miƙa wa kakarsa. "Riƙe wayarki kusa, Injiniya. In na ce tashe ta, ki tashe ta, fankoki su yi iya gudunsu."

A baranda, gaban ofisoshin nan uku, Sufeto ta sa aka buɗe ƙofofi. Ma'aji ya fito da tabarau a hanci, Shugaba ta fito tana tambayar ina mai laifin, Magatakarda ya tsaya a bakin ƙofarsa, sanyi na fitowa ta bayansa. Gyara-duka ya laɓe a jikin ginshiƙi.

"Na kawo shaida," in ji Sufeto. "Ba ya jin rantsuwa, amma ba ya ƙarya." Ta kara waya a kunne. "Tashe ta."

Kofur ya fara sosa ƙeya.

Sai wani ruri ya tashi daga ofishin Magatakarda, kamar jirgi zai ɗaga. Zanen teburin shayi ya kumbura ta gefe ɗaya yana kaɗawa, kofuna suka hau rawa a kan faranti, cokali ya faɗo ƙasa. Ta ƙarƙashin zanen wata shuɗiyar fitila na ƙyaftawa.

Kofur ya kwashe kofunan ya yaye zanen. Ga saba kwance a kan kwalaye biyu, wayoyinta sun bi ƙarƙashin kafet zuwa bango.

"La ilaha illallahu! Ranki ya daɗe, a kanta muka sha shayi!"

"Har na ƙara sukari," in ji Sufeto. "Alhaji, zauna."

Magatakarda ya zauna a bakin kujera, ya cire hula ya riƙe.

"Auta ta faɗi darasi ɗaya," ya ce. "Uwarta kafin ta rasu ba ta da burin da ya wuce ta gan ta da farin kaya a asibiti. Na ce in na kawo na'urar nan na gyara lamba ɗaya, in mayar, wa zai sani? A kujera mai taya na turo ta. Na kunna ta, ta nemi kalmar sirri, ta cika ofis da ƙara, na tsorata na kashe. Bayana ya riƙe, na kasa mayar da ita. Da gari ya waye aka ga giɓi, sai na ce wa masinja ƙila Injiniya ce. Kalma ɗaya na faɗa."

"Me ya hana ka cire wayoyin?"

"Na so in sake gwadawa. Kuma na tambaya, aka ce in an kashe ta ba mai ganinta."

Gyara-duka ya ƙara shigewa bayan ginshiƙi.

"Yarinyar ta sani?"

"Wallahi ba ta sani ba. Tana ɗaki tana karatu, wai za ta sake zama."

"To ta fi ka dabara," in ji Shugaba a hankali. "Za ta zauna da sauran, ba wanda zai taɓa ta." Ta juya ga Sufeto. "Ba ni wayar." Ta karɓa, ta gyara murya. "Injiniya, ki yafe mini. Ki gama hutunki, kujerarki na nan. Wannan ɗan kwangila mai gyaran firinta kuma, in kin dawo ki koya masa."

Ta cikin wayar aka ji muryar Inna: "Ce mata ta zo har gida ta faɗa, ƙafa gare ta!"

Kofur ya taɓa ankwa, Sufeto ta girgiza masa kai. Magatakarda ya mayar da hularsa, ya ɗauki rimot ya kashe esi, ya bi su zuwa mota. A bakin ƙofa Sufeto ta tsaya ta ɗaga wa maigadi hannu, ta sa Kofur ma ya ɗaga.

Injiniya ba ta kashe na'urar ba, ba ta kuma aiko kowa ya ɗauke ta ba. Magatakarda ne ya kai ta ofishinsa don ya ƙara wa 'yarsa maki, bai samu shiga ba. Na'urar ba ta taɓa fita daga makarantar ba, kuma makin kowa na nan yadda malamai suka ba da shi.