Rakiyar Baƙon Rumaisa

Gab da magariba Atika ta ɗanɗana miyar da ta sauke, sai ta ji rairayi tsakanin haƙoranta. Ba ƙasar Challawa ba ce, wadda ruwan kamfanonin fata ya baƙanta. Ja ne, mai laushi, da ɗuminsa kamar yanzu aka ɗebo shi daga ƙarƙashin rana. Kafin ta ce uffan, tsakuwa ta fara sauka a kan kwanon rufi, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, irin ta mai neman izinin shiga.

'Yarta Rumaisa ba ta daɗe da dawowa daga ziyarar karatu ba. Makarantarsu ce ta kai su can arewa, inda duwatsu suka yi iyaka da hamada, domin su ga yadda rairayi ke cinye gonaki. Lafiya ta dawo. Amma tun daga wannan maraice ta daina magana, ta tare a gindin randa, tana sha ba ta ƙoshi, leɓunanta na tsagewa. Kowace magariba jifan yana ƙaruwa, ita kuwa tana bushewa kamar fatar da aka shanya.

Mahaifinta Ya'u, mai aikin jima a wani kamfanin fata, ya tafi Ɗorayi ya ɗauko Malam Abdulbaqi. Malam ya zauna bayan la'asar ya yi ta karatu. Da rana ta yi ja, yarinyar ta ɗago kai, muryar wani tsoho ta fito daga bakinta.

"Sassauta, Malam. Ni ba ɓarawo ba ne. Gayyata ta aka yi."

"Wa ya gayyace ka?"

"Ita. Ta tsaya a bakin kogonmu, 'yan'uwanta na ihu don dutse ya amsa musu. Da za su tafi ta waiwayo tana dariya, ta ce, 'To, sai kun zo.' Rijiyarmu ta ƙafe tun da daɗewa. Shi ne na zo."

Atika ta toshe baki da mayafi. Ita ta koya mata wannan ladabi.

Malam ya ce, "Wasa ta yi. Ko da gaske ne, haƙƙin baƙo kwana uku ne. Bai halatta ya zauna har ya ƙuntata wa masu gida ba. Ka ji tsoron Allah."



"Zan tafi," in ji muryar. "Amma ba a sallamar baƙo daga zaune. A yi mini rakiya. Wadda ta kira ni ta taka mini."

"A'a!" Ya'u ya miƙe. "Gidana ne. Ni zan raka ku."

Malam ya riƙo gefen rigarsa. "Malam Ya'u, kada ka ɗaura alkawari da su. Ka bar ni da karatu, ko da zai ja lokaci. Ka san mai rakiya ba ya juyawa sai baƙo ya ce masa ya koma."

Ya'u ya dubi 'yarsa, ya ga yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ba ta da lokacin." Ya sa takalmansa.

Yana ƙetare dokin ƙofa Rumaisa ta yi atishawa, ta kife a jikin uwarta. Can ta buɗe ido, da muryarta ta ce, "Umma, ina Baba?"

Aka kira sallah, aka idar, aka yi isha'i, Ya'u bai dawo ba.

Daga baya wani direban tirela da ke lodi a Dakata ya ce ya gan shi gaba da Kazaure, yana bin gefen titi ya nufi arewa, ya ɗan rusuna yana sauraren wani da ba a gani. Ya tsaya ya ce masa ya hau. Ya'u ya girgiza kai, ya ce, "Bai ce in koma ba tukuna."