Kyamarar da Auta ta Haɗiye

"Haɗiye," in ji nas, tana miƙo mata ƙwaya mai ƙyafta haske. "Kyamara ce, za ta bi hanjinki tana ɗaukar hoto."

Auta ta kalli tafin hannunta. Fari fat, kamar na Yayarta a kwanakin ƙarshe.

Haka Yaya ta fara: jiri, baƙin bayan gida, ƙarin jini leda bayan leda. Likitoci suka leƙa ta sama, suka leƙa ta ƙasa, ba komai. Sai unguwa ta yanke hukunci, wai Ummansu ce mayya, tana shan jinin 'ya'yanta. Da wannan maganar mahaifiyar Dokta, saurayin Auta, ta fasa aurensu, gogan kuwa ya bi ta a haka. Wai likita!

Tun daga nan Umma ba ta sake taɓa Auta ba, don tsoron kada zargin ya zama gaskiya.

"Wa zai duba hotunan?" in ji Auta.

Nas ta kau da kai.

Ashe Dokta ne...

Bayan kwana biyu ya kira ta ofis, idonsa jajir.

"Hoto dubu hamsin, Auta. Ɗaya bayan ɗaya na bi su." Ya juyo mata kwamfuta. "Ga mayen."

Ƙullutu ne kamar ƙwan tattabara, da ɗan miki a kansa.

"Ƙari ne a naman bangon ƙaramin hanji, inda bututunmu ba ya kaiwa. Da wuya ake samun irinsa. Za a yanke wurin a ɗinke, a gwada ko mai yaɗuwa ne."

"Shi ya ci Yaya?"

"Ban sani ba... Wallahi ban sani ba."

"Ka shiga cikina ka fito, Dokta. Ka ga baƙin cikin da ka bari?"

"Na gani, rabin raina. Tun kafin in kunna."

Aka yi aiki. Sakamako ya fito, ba mai yaɗuwa ba ne.

Ranar sallama ya shigo da mahaifiyarsa, hoton ƙarin a hannunta.

"'Yata, ki yafe mu, a mayar da maganar aure..."

"Ina son ɗanki, Mama, har gobe. Amma ba ni za ku roƙa ba."

Suka juya. Umma na can bakin ƙofa, hannuwanta ɓoye cikin mayafi. Dokta ya zube gabanta.

Umma ba ta ko kalle shi ba. Hoton take kallo.

"Yanzu... zan iya taɓa ta?"