Inda Hanya Ta Rabu

Silvanus ya bar Afiniki da ciki, ya tafi Turai karatun lissafi a shekarar da aka fito da Naira.

Bai daɗe a can ba Bernice, 'yar dattijon majami'a da ta daɗe tana sonsa, ta sa labari ya kai masa cewa cikin na wani ne. Ya yarda. Ya turo kawunsa ya kwance awakin aure daga gidan su Afiniki, rana tsaka. Majami'a ta sa Afiniki a horo, ta koma bencin baya. Ta haifi namiji, ta raɗa masa Meshak. Bai kai yaye ba ƙyanda ta ɗauke shi.

Tun daga nan, in iska ta gangaro daga dutsen Kagoro, sai ta ji kukansa a ciki.

Bayan wasu shekaru, tana cire ciyawa a kabarin yaron, bayan gonar acca, ta ji takun takalmi. Silvanus ne ya dawo daga Turai.

"Afi... masoyiyata."

Ba ta ɗago ba.

"Sannu da zuwa, Malam."

"Malam kuma? Ni ne fa! Bernice ta faɗi gaskiya da bakinta. Na cuce ki, Afi."

"Ka cuce ni."

Ya durƙusa a kan jar ƙasa da farin wandonsa.

"Ki saurare ni. A can akwai wata na'ura da muke aiki da ita, kwamfuta. In muna so mu tabbatar da wata magana ta lissafi, mukan bi da ita mataki-mataki, tana duba kowanne. In hanya ta toshe, sai in ce mata ta ja baya. Ta warware abin da muka yi, ta mai da ni inda hanya ta rabu, in kama wata. Kullum na ba ta wannan umarni sai in ga fuskarki... Na san inda na kauce. Mu koma can, zuciyata. A maido awakin, a kira aurenmu a majami'a!"

Iska ta taso. Afiniki ta karkata kunne, kamar uwar da ta ji motsi a ɗaki.

"Abin da aka samu a hanyar da ta toshe fa? Ina na'urar take kai shi?"

"Sharewa take yi. Kamar ba a taɓa yi ba."

Yana faɗa ya ga hannunta a kan kabarin.

"A wannan hanyar na goye shi," in ji ta. "A nan ya yi haƙori biyu. Ni kaɗai na san dariyarsa. In na bi ka muka koma, wa zai zauna da shi?"

"Ɗana ne ni ma, Afi! Don Allah..."

Ta daddale ƙasar kabarin da tafin hannu, a hankali, yadda ake lallaɓa yaro ya yi barci.

"Tashi, kana ɓata wandonka. Ba zan koma ba."