Jirgin Kafinta a Tsohuwar Marina

Wa ya aike ki ki yi min wannan tambaya, Hajjo? Ba uwarku ba ce dai, ita ta san halina. Kwana huɗu da zuwanku hutu, kun cinye min gyaɗa, kun ɓalle ƙofar akurki, yanzu kuma sai na ba ku dalilin da ya sa na hana ku kai jirginku tsohuwar marina. Na hana. Dalilin ke nan. Bilya, sauke ƙafarka daga kan tabarmar sallata. To, tunda kunnuwanku ƙaiƙayi suke yi, ku matso. Wanda ya yi kuka ba ni zan lallashe shi ba.

Shekara tara ke nan. Kawunku Tanimu, autana, ya dawo daga makarantar koyon sana'a, ya buɗe 'yar rumfar gyaran waya a bakin kasuwa. Wata rana na gan shi yana jido farin soson nan mara nauyi da ake tokare firji da shi a cikin kwali. Na ce, shara ka koma tarawa? Ya ce jirgi zai yi. Na ce Allah ya shirya.

Sati uku yana yanka da reza, yana liƙawa da gam. Tsakar gida ta yi fari kamar an fige kaji goma. Ya ɗaura masa ɗan inji da farfela a hanci, ya cusa batir a ciki, ya ja wasu siraran ƙarafa zuwa jela. Sai ya ɗora shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fukafukai, yana kallo. In jela ta rinjaya, ya ƙara notin ƙarfe a hanci. In hanci ya rinjaya, ya ja batir baya. Ban yi boko ba, amma na kai gyaɗa sikeli. Na gane awo yake yi.

Ranar da ya tashe shi a filin makaranta, garin nan kaf ya fita. Ya tsinki ciyawa ya watsa sama don ya ga inda iska ta nufa, ya fuskance ta, ya wurga. Abin ya tashi. Wallahi ya tashi. Ya zaga saman dabinon gidan mai unguwa, ya dawo ya sauka a gabansa kamar tattabarar gida. Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce min ba. Na ce, "Tanimu! Tanimu ɗan albarka!" Na faɗa, na sake faɗa.

Kawunku babba yana tsaye a bayana. Ban waiwaya ba, amma na san yana nan.

Ku 'yan birni ba ku san wannan ba. Shi ne ɗana na fari, kuma a gidanmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Ba ta yaba masa a gaban mutane, ba ta wasa da shi. Haka uwata ta yi, haka uwar uwata. Tun ranar da aka raɗa masa suna har zuwa lokacin, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. In ina nemansa sai in ce "kai", ko in aiki wani. Kafinta ne, kun sani. Rabin rufin garin nan aikin hannunsa ne. Ɗakin nan shi ya rufa, damina goma sha biyu ko ɗigo. Ban ce masa komai ba. Me zan ce? Ya san na gani.

Ashe gani bai ishe shi ba.

Mutum ɗan shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya uku, ya kama gaba da soso. Tanimu ya gaishe shi, sai ya ce, "Sannu, direban sama."

"Yaya, zo in koya maka mana. Ba wuya."

"Ni za ka koya wa? Ina riƙe da zarto kana cikin tsumma."

"Wannan ai ba zarto ba ne."

"Shi ya sa. Wasan yara ne."

Wasan yaran nan, ashe ya sa wani direba ya sayo masa kayansa daga Kano a ɓoye. Ya riƙa kulle shago yana haɗawa. Matarsa Ladiyo ce ta gaya min. Gaskiya nasa ya fi na Tanimu kyau. Ya goge shi sumul, ya yi masa fenti kore, ya ƙarfafa jelar da katako, don kafinta bai yarda da abin da babu katako a cikinsa ba. Nan ya yi kuskure, jela ta yi nauyi. Da ya tambayi ƙaninsa, da kafin a sha ruwa an gaya masa. Bai tambaya ba.

Kuma ba ya so a ga faɗuwarsa. Sai ya zaɓi wurin da ba kowa, da lokacin da ba kowa. Tsohuwar marina, rana tsaka.

Ku abin da kuka gani fili ne shimfiɗe, ba itace, ba dutse. A can ƙarshensa akwai rijiyoyin rini goma sha biyu na kakanninmu. Kowacce ta shanye tsayin mutum biyu, bakinta daidai da ƙasa, ciyawa ta rufe. Masu rinin sun watse tun ina goye. Waɗanda suka gaji wurin ba mutane ba ne. Kuma rana tsaka, sa'ad da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, lokacin fitarsu ne.

Ya yi wurgi na farko. Jirgi ya ɗaga hanci sama, ya tsaya cak, ya faɗo. Ya liƙe shi da salatif. Na biyu, haka. Na uku, farfela ta karye. Ya tsuguna yana sa wata.

"Hancinsa ba nauyi."

Ya juya. Wani tsoho ne a tsugune kusa da shi. Bai ji zuwansa ba. Riga baƙa mai ƙyalli. Hannuwansa shuɗi har gwiwar hannu.

"Sannu, Baba."

"Yauwa. Hancinsa."

"Ka san jirgi ne?"

"Na san abin da ke tashi."

Ya miƙo masa wani ɗan dunƙule kamar ƙwarar goro, baƙi, mai sanyi kamar daga randa aka ciro shi. Nauyinsa ya fi girmansa. Kawunku ya lura da abu ɗaya. Bakin tsohon yana motsi a nan, maganar kuwa daga can take fitowa, daga cikin ciyawa. Ya ce zafin rana ne ke juya masa kai. Ya cusa dunƙulen a hancin jirgi, ya ɗora a kan yatsu biyu. Ya zauna daidai.

Ya wurga. Jirgi ya tashi sumul, ko girgiza babu. Ya wuce inda na Tanimu ya taɓa kaiwa. Kawunku ya ce a ransa, ina ma ana gani.

"Kada ka ɗauke ido," in ji tsohon. "Ka ɗauke, ka rasa shi."

Wannan gaskiya ne, Tanimu ma yana faɗa wa duk wanda ya koya wa. Amma Tanimu yana ƙarawa da cewa ka dasa ƙafarka wuri ɗaya, jirgi ne zai zo maka, ba kai za ka bi shi ba. Wannan rabin tsohon bai faɗa ba.

Jirgi ya yi gabas. Kawunku ya yi taku ɗaya, ido a sama. Ya tura sandar rimot ɗin da ake juya jirgin da shi hagu, jirgi ya ƙi. Ya saki sandunan duka biyu, jirgi ya ci gaba da tafiyarsa lafiya lau. Taku biyar. Taku goma. Ciyawa ta fara shafar ƙwaurinsa. Inji ya yi shiru. Farfela ta tsaya, yana ganinta a tsaye, jirgi kuwa bai fasa tafiya ba. Ba kukan tsuntsu, ba motsin ganye. Sai wari ya taso, warin baba jiƙaƙƙe, na rinin da aka daina shekara da shekaru.

Sai aka kira shi. Daga gaba kaɗan. Da sunansa na yanka. Da muryata.

Ummita, cire yatsa daga baki.

Muryata sak, har da 'yar dishewar nan. Ta ce, "Zo, ɗana. Zo in gani. Naka ya fi na Tanimu." Ta sake kiran sunan a hankali, kamar mai lallashin jariri.

Ya ɗaga ƙafa. Sai ya tsaya da ita a sama. Ya ce a ransa, Iya ba ta kiran sunana. Ya sauke ido. Babban yatsansa yana leƙen bakin rijiya. A can ƙasa ruwa ne baƙi ƙirin, a rijiyar da ta bushe tun kafin a haife shi. Ya ja da baya yana a'uziyya. Inda tsohon ya tsuguna babu sawu ko ɗaya, sai ƙasa da ta jiƙe ta yi shuɗi.

Da azahar ya shigo gidan nan, ba jirgi, takalmi ƙafa ɗaya. Ina tankaɗe. Ya tsaya bakin ƙofa yana kallon bango.

"Iya, kin fita yau?"

"Ina za ni da ranar nan?"

"Kin kira ni?"

"Na taɓa?"

"Shi na ce."

Sauran labarin Tanimu ya ba wa, ina daga madafi ina ji. Aka yi masa addu'a, aka ba shi rubutu ya sha. Na ɗauka an gama.

Bayan kwana goma Ladiyo ta zo min da ido ja. Ta ce kullum rana tsaka sai ya rufe shago ya fita, kuma ya daina cin abinci. Na aika aka kira shi. Ya rame, wuya ya fito.

"Kai. Ina kake zuwa?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

"Ba na matsawa kusa. Daga nesa nake zama."

"Ka zauna ka yi me?"

"In ji."

"Ka san ba ni ba ce."

"Na sani. Amma muryarki ce."

Ku ji da kyau, ba tsoro na ji ba. Abin da ya taso min ya fi tsoro zafi. Ni na ɗauki cikinsa. Ni na yi naƙudar kwana biyu. Shekara talatin da takwas ina ajiye da sunan nan kamar irin shuka a gindin rumbu, ban taɓa ko ƙwara ɗaya ba. Sai wata banza da ke kwance a ramin rini ta ɗauki muryata ba ko sallama, tana rabar da shi kullum kamar ƙosan sadaka, ɗana kuma yana barin girkina ya je ya zauna mata a rana.

Washegari na yi ɗanwake, na zuba a kwano, na ɗora a ka. Na ce Tanimu ya biyo ni, don ko ni ban isa in taka hanyar nan ni kaɗai ba.

Muka same shi a zaune, ya ba mu baya. Nesan da ya ce, ƙarya ce, ko da yake shi bai san ƙarya yake ba. Duk inda ya taɓa zama ciyawa ta kwanta, kuma kowane wurin zama ya fi na jiya matsawa. Na ranar, taku uku ne tsakaninsa da rijiya. Tanimu ya taɓa ni ya nuna sama. Jirgin kore yana nan yana zagaye, shiru, kwana goma sha ɗaya bai sauka ba.

Sai na ji kaina ina magana daga cikin rami.

Ban taɓa sanin muryata za ta iya yin laushi haka ba. Ta kira shi. Ya miƙe tsaye.

Na sauke kwano. Na tuna uwata. Na tuna abin da matan unguwa za su ce in suka ji. Na buɗe baki, sunan ya ƙi fita, harshe bai saba ba. Ta sake kira. Ya yi taku ɗaya.

Sai na kwatsa shi. Ba daɗi, ba lallashi, yadda nake korar akuya daga kan shanya. Na kira sunan har maƙogwarona ya yi zafi, na ce, "Juyo nan, mutumin banza, ɗanwake na hucewa!"

Ya juyo.

Jirgin ya sulmiyo daga sama ya shige rijiya. Ba mu ji ƙarar saukarsa ba. Kawunku ya tako ya zo ya durƙusa a gabana, ƙato da gemunsa, kafaɗu na rawa. Na ce tashi, ana kallo. Ba mai kallo sai Tanimu, shi ma ya juya baya yana goge hanci.

Mun yi nisa a hanya, sai ya ce, "Iya, tata ta fi daɗi."

Na ce, "To koma mana."

Ya ce, "A'a." Ya karɓi kwanon daga kaina ya riƙe. A zaure ya zauna ya cinye shi tas, a huce.

Mazan unguwa suka taru suka cike rijiyoyin da ƙasa. Goma sha ɗaya suka cika. Ɗaya ta shanye tifa uku, har yau bakinta a buɗe yake, kuma ciyawa ta sake rufe ta. Saboda haka kada wanda ya taka hanyar nan shi kaɗai, da jirgi ko ba jirgi. In kun ji an kira ku a dawa da muryar wani na gida, kuma kiran ya cika zaƙi, ku dubi ƙafarku kafin ku amsa.

Me kika ce, Hajjo? In faɗi sunan ku ji? Ji min yarinya da rashin kunya. Sau ɗaya na faɗa, kuma mai shi na faɗa wa. Ku tashi. Bilya, kama hannun Ummita ka kai ta bayan gida, ka tsaya mata a ƙofa. Kowa ya yi addu'a ya kwanta, kada in sake jin tarin kowa.